Baƙin murjani a Wikipedia: amsoshin tambayoyin ɗalibai masu gyaran maƙala

Idan malami ya raba wa ɗalibai aikin rubuta maƙala a Wikipedia kan halittun ruwa, waɗanda baƙin murjani ya faɗo wa su ne suka fi shan wahala. Mai rubutu kan tarwaɗa ko kada ya san abin da yake magana a kai. Wanda aka ce ya yi bayanin Antipathes ko Leiopathes, wato jinsunan baƙin murjani, kuwa bai taɓa ganinsu ba, malaminsa ma bai gani ba, ni kaina da nake bin maƙalolin ina gyarawa ban taɓa yin nutso a teku ba. Daga nan matsalar take tasowa: mutum ya kwaso jimlolin da bai fahimta ba, ya jera su, ya kama gabansa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi maimaita mini, wasu a shafin tattaunawa, wasu a wajen horo.

Wai tsiro ne, ko dutse ne, ko me?

Dabba ce. Ka faɗi haka tun a jimlar farko, domin mai karatu zai ga hoton ya ɗauka itace ne: ga gindi manne da dutse, ga rassa, wani ma kamar gashin tsuntsu, wani kamar bulala guda a murɗe. Abin da ido ke gani taro ne na ɗimbin 'yan mitsi-mitsin halittu da masana ke kira folif. Kowace tana da baki ɗaya a tsakiya, kewaye da 'yan yatsu shida, kuma jikinsu duka a haɗe yake, sun lulluɓe ƙashi guda. Da yatsun nan masu ƙwayoyin harbi suke cafke ƙananan halittun da igiyar ruwa ke kawo musu har gida. Masana sun sa su a rukunin Antipatharia, cikin babban gidan Cnidaria, kuma nau'o'in da aka riga aka bayyana sun haura 250.

Batun dutse ma kuskure ne da ya zama ruwan dare. Murjanin da ke gina tsaunuka a ƙarƙashin tekuna masu ɗumi, ƙashinsa na sinadarin alli ne, irin wanda ke cikin ɓawon ƙwai. Na baƙin murjani ba haka yake ba. Da furotin aka yi shi da wani sinadari mai suna kaitin, wanda shi ne a ɓawon fara da kyankyaso. Shi ya sa yake lanƙwasawa idan ruwa ya buge shi, ba ya karyewa kamar alli. Jikin ƙashin kuma cike yake da ƙananan ƙayoyi, kuma siffar ƙayoyin nan na cikin abin da masana ke dubawa da na'urar ƙara girma don bambance wannan nau'i da wancan. Duk maƙalar da ka tarar ta ce baƙin murjani "yana gina duwatsun teku", daga maƙalar wani murjanin aka ɗauko jimlar. Cire ta.

Sunansa baƙi, amma hoton da na samu fari ne. Na yi kuskure?

Ba lallai ba ne. Ƙashin ne baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu. Naman da ke lulluɓe da shi yana iya zama fari, ja, ruwan ɗorawa, ruwan lemo ko kore. Wanda ke gaɓar kudu maso yammacin Niyu Zilan, Antipathella fiordensis, fari ne fat idan yana raye. Sai ya mutu naman ya zube sannan baƙin ke bayyana. Ki sa wannan bayanin a ƙarƙashin hoton, in ba haka ba wani mai son taimako zai zo ya cire hoton da sunan gyara.

Shi ne murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya?

A'a, kuma wannan tambayar ta fi muhimmanci a maƙalar Hausa fiye da ta kowane harshe na Turai. Bahaushe ya san murjani tun kafin intanet: jajayen duwatsun wuya da na hannu, kalmar kuma daga Larabci muka aro ta, ga ta nan a Suratur Rahman tare da lu'ulu'u. Idan ka ce "murjani" a Kano ko Damagaram, ja mutum zai gani a zuciyarsa. Jan murjani na asali daga wata halitta ake samunsa mai suna Corallium rubrum, wadda ta fi yawa a Bahar Rum. Yatsun folif ɗinta takwas ne, ba shida ba, kuma ƙashinta na sinadarin alli ne. Dangantakarta da baƙin murjani ta nesa ce.

Saboda haka jimla ɗaya a farkon maƙala da ke cewa "ba shi ne jan murjanin ado ba" ta fi sakin layi uku na kalmomin Latin amfani. Maƙalar Turanci ba ta buƙatar wannan jimlar, shi ya sa mai fassara kalma da kalma ba zai taɓa tuna sa ta ba.

Na fassara maƙalar da inji, ta fito da tsawo. Me kuma ya rage?

Aikin gaba ɗaya ya rage. Na taɓa buɗe wata maƙala na tarar an rubuta cewa halittar "tana kafa mulkin mallaka a kan duwatsu". Sai da na yi shiru na ɗan lokaci kafin na gane. Kalmar Turancin ma'ana biyu gare ta: ƙasar da Turawa suka mallaka, da kuma taron halittu masu zama jiki ɗaya. Inji ya zaɓi ta farko. A sakin layi na gaba, ƙayoyin da ke jikin ƙashi sun koma "ƙashin baya", alhali halittar ba ta da baya balle ƙashinsa. Matakin rabe-raben halittu ya koma "umarni". Igiyar ruwa ta koma "na yanzu". Ɗalibin ba malalaci ba ne, ya sa manazarta goma sha wani abu, amma bai karanta abin da ya wallafa ba.

Ga gwajin da nake ba kowa. Karanta maƙalar da babbar murya ga ƙanwarka da ke aji uku na sakandare. Duk inda ta ce "me kake nufi?", ka tsaya. Idan ka iya yi mata bayani da bakinka, rubuta abin da ka faɗa ɗin, shi ne Hausar. Idan ka kasa, to ba ka fahimci jimlar ba, ko dai ka koma ka karanta har ka gane, ko ka goge ta. Na fi son in tarar da jimla bakwai da marubucinsu zai iya karewa a kan arba'in da aka yi aronsu.

Matakan rabe-rabe kuwa, ba mu da kalmomin da kowa ya amince da su tukuna. Ni nakan ce rukunin Antipatharia, dangin Leiopathidae, jinsin Leiopathes, sannan nau'i. Ko ka bi wannan ko ka bi wani, ka tsaya a kan guda daga farko har ƙarshe, kada "jinsi" ya zama abu uku a shafi ɗaya.

Wani littafi ya ce baƙin murjanin Hawai Antipathes dichotoma ne, wani ya ce Antipathes griggi. Wanne zan rubuta?

Duka biyun sun faɗi abin da aka sani a zamaninsu. Sunan dichotoma tsoho ne, Pallas ne ya raɗa shi a 1766, kuma na wani nau'i ne da ke Bahar Rum da gabashin Atlantika. An daɗe ana kiran na Hawai da wannan sunan, har zuwa 2009 da Dennis Opresko ya nuna nau'i ne daban, ya sa masa griggi don girmama Richard Grigg, wanda ya shafe shekaru yana nazarin murjanin Hawai. Kama da wane ba wane ba ne.

Haɗarin a nan shi ne, ɗalibi ya ɗauki binciken da aka yi a Hawai a shekarun 1970, ya ga dichotoma a rubuce, ya zuba alƙaluman a maƙalar nau'in Bahar Rum. Ba wanda zai lura, domin madogarar tana nan kuma sunan ya yi daidai. Amma bayanin na wata halitta ce a wancan ɓangaren duniya.

Kafin ka rubuta komai, ka buɗe rumbun WoRMS, rajistar sunayen halittun teku da ake kula da ita daga Ostend a Beljiyam. Kyauta ce. Sa sunan, zai nuna maka ko karɓaɓɓe ne ko an maye gurbinsa, da wanda ya raɗa shi da shekara. Idan ka ga sunan mai raɗin da shekarar a cikin baka, ma'anarsa an ɗauke nau'in daga jinsin da aka fara sa shi an mayar da shi wani. Fiordensis ɗin da na ambata, a 1990 cikin Antipathes aka sa shi, daga baya aka kai shi Antipathella. Kada ka goge bakan don ka ga wani sunan ba shi da ita. Sannan sunan kimiyya a karkace ake rubuta shi, kalmar farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami.

Na karanta cewa yana rayuwa sama da shekara 4,000. In sa?

Sa, amma ka faɗi wanne, a ina, kuma ta yaya aka sani. A 2009 Brendan Roark da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin kabon-14, mai auna shekarun abu, da suka yi wa murjanin da aka ɗebo daga zurfin teku a Hawai. Wani guda daga jinsin Leiopathes ya ba da shekara 4,265. Guda ɗaya ke nan, daga jinsi ɗaya. A lokacin ana danganta na Hawai ɗin da sunan glaberrima, sai a 2015 aka bayyana shi a matsayin sabon nau'i, Leiopathes annosa, kalmar da ke nufin mai yawan shekaru a Latin. Abin da ya yi shekarun kuma taron ne da ƙashinsa, ba folif guda ba.

Kuskure biyu nake yawan gani a nan. Na farko, a ɗauki 4,265 a liƙa wa kowane nau'i, har da na ruwa marar zurfi da ke rayuwa shekaru gommai. Na biyu, binciken nan ya kuma ambaci wani mai shekara 2,742 daga jinsin da a lokacin ake kira Gerardia, wato murjanin zinariya. Wannan ba baƙin murjani ba ne ko kaɗan, amma da yake a jimla ɗaya ake kawo su, sai ka gan shi ya shigo maƙala.

Ka kuma lura da bambancin tsawo da kauri. Leiopathes na can ƙasa yana ƙara kauri da abin da bai wuce maikuromita 5 ba a shekara (maikuromita dubu ne ke yin milimita ɗaya), wato sai ya yi shekaru kamar goma kafin ya ƙara kaurin silin gashi guda. Griggi kuwa yana ƙara tsawon kusan santimita 6 a shekara. Na ga inda aka haɗa alƙaluman biyu a jimla ɗaya kamar abu guda suke aunawa.

Wace irin madogara ake karɓa?

Mujallun kimiyya, littattafan masana, WoRMS, shafukan hukumomi irin NOAA, hukumar teku da yanayi ta Amurka, da na yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe. Shafin mai sayar da sarƙoƙi ba madogara ba ne, haka bidiyon TikTok, haka amsar da manhajar hira ta ba ka. Wikipedia ta Turanci ma ba madogara ba ce, hanya ce ta kai ka ga madogara. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙas: duk lambar da ka sa a ƙarshen jimla, ka buɗe ta ka ga maganar da idonka. Sau da yawa jimlar ta yi gabas, madogarar ta yi yamma, saboda wani ya sauya jimlar shekarun baya ya bar lambar a inda take.

Zan iya cewa a can ƙasan teku kawai yake rayuwa?

"Kawai" ɗin ce matsalar. Yawancinsu sun fi son wurin da haske ya yi ƙaranci, kuma an samu wasu a zurfin da ya haura mita 8,000. Amma a Fiordland ta Niyu Zilan ana ganinsu a zurfin mita 10 kacal. Dalilin abin sha'awa ne: ruwan sama mai yawa yana gangarowa daga daji da launin ganye kamar ruwan shayi, ya kwanta a saman ruwan gishiri, ya tare haske, sai ƙasa ta yi duhu kamar an nutsa can ciki. A kusa da Afirka kuma akwai dazuzzukansu a tsibiran Kanari da Kef Bade, da kuma Bahar Maliya.

Haka nan jimlar da ke cewa "ba su da gansakuka a jikinsu". An daɗe ana faɗin haka, don ba su dogara da haske ba kamar murjanin saman ruwa, wanda gansakukar da ke cikin jikinsa ke samar masa abinci daga haske. Sai dai binciken da Daniel Wagner da abokansa suka yi a Hawai ya gano irin wannan gansakukar a jikin nau'o'i da dama. Rubuta "yawanci ba su dogara da ita ba", ka tsira. Kalmomin "duka", "kawai", "ba a taɓa" su ne na fara nema idan na buɗe maƙalar ɗalibi.

Hoto fa? Na samu mai kyau a Google.

Bar shi a can. Hoton da za a ɗora a Wikimedia Commons, rumbun hotunan da Wikipedia ke amfani da su, sai mai lasisin da ya yarda kowa ya yi amfani da shi. Yawancin hotunan da ma'aikatan NOAA suka ɗauka, har da na jirgin bincikensu Okeanos Explorer, mallakin jama'a ne, amma ka duba rubutun ƙarƙashin kowanne, don wani na baƙo ne da ya ba su aro. Sannan idan mai hoton ya tsaya a sunan jinsi, kai ma tsaya a nan. Masanan da suka ƙware ma ba sa yanke nau'i daga hoto sai sun duba ƙayoyi. Akwai kuma wasu murjanai masu kama da mafici da ke da baƙin ƙashi, amma na gidan masu yatsu takwas ne, suna yawan shigowa maƙalolinmu da rigar aro.

Idan na fassara daga littafi, ai ba kwafa ba ce tunda harshen ya sauya?

Kwafa ce. Fassarar rubutun wani jimla bayan jimla ba tare da izini ba keta haƙƙin mallaka ne. Karanta, rufe littafin, rubuta da bakinka, sa madogara. Idan daga Wikipedia ta wani harshe ka fassara, lasisin ya yarda, da sharaɗin ka ambaci maƙalar da ka ɗauko a taƙaitaccen bayanin gyara.

Kakana yana da baƙin carbi da ya zo da shi daga Makka, ya ce na murjani ne kuma yana magani. In sa a maƙala?

Allah ya ƙara wa kaka lafiya, amma carbinsa ba zai shiga manazarta ba. Abin da zai shiga shi ne tarihin da ke bayansa, wanda gaskiya ne kuma a rubuce yake. Larabawa suna kiran baƙin murjanin Bahar Maliya yusur, kuma an daɗe ana fere shi ana gogewa ana yin carbi da shi, wani a yi masa ado da ɗigo-ɗigon azurfa. Wannan sashen ya cancanci wuri a maƙalar Hausa, don ta nan ne halittar ta fi kusa da hannun mai karatunmu. Ka dai tuna ba kowane baƙin carbi ne yusur ba, akwai na itace, na ƙaho, na roba.

Batun magani kuwa, sunan Antipathes kansa daga Girkanci yake, ma'anarsa abin da ke kore cuta, domin mutanen da sun riƙa rataya shi a matsayin laya. Rubuta "an yi imani", "ana amfani da shi a matsayin", ka kawo madogara. Kada ka rubuta "yana warkarwa".

An haramta sayar da shi, ko ba haka ba?

Ba haka ba ne, kuma wannan kuskuren yana cikin kusan duk maƙalar da na gyara. Tun 1981 baƙin murjani gaba ɗaya yake cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES. Jeri na biyu ba haramci ba ne, sa ido ne: ana iya fitar da shi daga ƙasa zuwa ƙasa idan da takardar izini. Kowace ƙasa kuma tana da nata dokokin. Niyu Zilan ta ba shi cikakkiyar kariya. Hawai kuwa ana ciro shi tun 1958 da masu nutso suka gano dazuzzukansa a kusa da tsibirin Maui, har jihar ta ayyana shi a matsayin dutsenta na ado a 1987, aka kuma sa wa cirowar ƙa'idar girma.

Wajen barazana ma ka faɗi abu takamaimai maimakon "yana fuskantar haɗari". Akwai jiragen kamun kifi masu jan koma a ƙasan teku, waɗanda ke share abin da ya yi ƙarnuka yana girma. Akwai cira fiye da kima don kayan ado, kamar yadda ya faru a wurare da dama a yankin Karebiyan. A mashigar Auau ta Hawai kuma wani baƙon murjani mai suna Carijoa ya riƙa hawa kansu yana lulluɓe su. Barazanar wani wuri ba ta wani ba ce, kada ka kwashe duka ka zuba wa nau'i ɗaya.

Malam ya ce kalma 500, nau'in da aka ba ni kuma bayaninsa bai kai layi goma ba. Yaya zan yi?

Wannan kam laifin ba naka ba ne. Akwai nau'o'in da abin da duniya ta sani game da su bai wuce 'yan rassan da wani jirgin bincike ya jawo ba, wasu tun tafiyar jirgin Challenger ta 1872 zuwa 1876, wadda George Brook ya rubuta rahoton baƙin murjaninta a 1889. Idan ka cika shafin da bayanin rukunin gaba ɗaya, mai karatu zai ɗauka an tabbatar da waɗannan abubuwan a kan nau'in, alhali ba wanda ya duba. Je ka sami malam da ladabi, ka nuna masa shafin WoRMS, ka roƙi ɗaya daga biyu: ko ya bar ka ka rubuta gajerun maƙaloli uku masu inganci, ko ya mayar da kai maƙalar jinsin ko ta dangin, inda akwai abin faɗa. Malamai kuma, don Allah a riƙa ba da maki a kan madogarar da aka tantance, ba a kan tsawo ba. Mu ne muke kwana muna yanke ƙarin.

Wani ya soke gyarana. In mayar?

Tsaya tukuna. Buɗe tarihin shafin ka karanta dalilin da ya rubuta. Idan ba ka gamsu ba, je shafin tattaunawa ka kawo madogararka, ka jira amsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mayar da gyara sau da sau ba tare da magana ba yana iya jawo a toshe asusunka, ga shi kuma rubutunka bai ɓace ba, yana nan a tarihi. Idan babban sauyi za ka yi wa maƙalar wani, fara a shafin gwajinka, sannan ka shigar da shi kashi-kashi, kowane kashi da ɗan bayaninsa, don kada garin gyaran gira a rasa ido.

Bayan an ba ni maki, shi ke nan?

Ga malam, shi ke nan. Amma sunayen baƙin murjani ba su zauna ba tukuna, gwajin ƙwayoyin gado yana ta ɗauke nau'o'i daga wannan jinsi zuwa wancan, jiragen bincike kuma suna ta kawo sababbi. Danna tauraron da ke saman shafin don ya shiga jerin waɗanda kake sa wa ido, sannan sau ɗaya a shekara ka sake sa sunan a WoRMS. Idan ya sauya, ka gyara jimlar farko da akwatin bayanai, ka bar tsohon sunan a ciki da shekarar da aka daina amfani da shi, don mai riƙe da tsohon littafi ya iya samun shafin.